Ba Baiti, Ba Ganga, Ba Suna: Yadda Masu Sharhi Suka Ƙare da Kundin Aphex Twin

A ranar 7 ga Maris 1994 kamfanin Warp na birnin Sheffield a Ingila ya fitar da wani kundin kiɗa da ya ɗaure wa masu sharhi kai. Sunansa Selected Ambient Works Volume II. Mai shi wani saurayi ne ɗan shekara 22, Richard D. James, wanda aka haifa a Ireland ya tashi a yankin Cornwall, duniya kuma ta san shi da Aphex Twin. Faifan CD biyu ne, kiɗa 24, tsawonsu ya haura awa biyu da rabi. Babu mawaƙi, babu baiti, a mafi yawansu ko bugun ganga babu. Kai, ko suna ba a raɗa wa kiɗe-kiɗen ba, in ban da guda ɗaya, "Blue Calx". Hotuna masu duhu-duhu aka jera a jikin kwalin a madadin sunaye, wani na labule, wani na ciyawa, wani na dutse, mai saye ya zauna ya gano wane hoto ne na wane kiɗa.

Yau ana lissafa wannan kundi cikin manyan ayyukan kiɗan na'ura da aka taɓa yi. Labarin da aka saba bayarwa shi ne wai masu sharhin wancan lokaci ba su gane shi ba, sai da zamani ya zo ya ba shi gaskiya. Ni ban gamsu da wannan labari ba. Ya yi sauƙi da yawa, kuma ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci: masu kushe da masu yabo duka matsala ɗaya ta dame su, har yanzu kuma ba ta sake su ba.

Sai an san me mutane ke jira a 1994 kafin a fahimci girgizar da kundin ya yi. Shekarun nan ne na casun dare a Birtaniya, matasa dubbai suna taruwa a fili ko a tsofaffin rumbunan ajiya suna rawa da kiɗan na'ura har wayewar gari. Casun da aka yi a filin Castlemorton a Ingila a watan Mayun 1992 ya ɗauki kusan mako guda, ya tayar wa gwamnati hankali, har a 1994 majalisa ta yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro. Dokar ta siffanta kiɗan da take nufi da cewa shi ne mai bugu iri ɗaya da ke maimaituwa. A gefen wuraren casun akan ware ɗaki na hutawa, inda wanda ya gaji da rawa zai zube ya saurari kiɗa mai sanyi. Daga irin ɗakunan nan ƙungiya kamar The Orb ta fito, har kundinta ya zo na ɗaya a Birtaniya a 1992. A shekarar ce James ya fitar da kashi na farko na wannan aiki, Selected Ambient Works 85–92, wanda duk da sanyinsa yana da ganga, yana da karin da mutum zai riƙe a ka ya yi ta fito da shi. Masoyansa irin wannan suke jira a kashi na biyu. Sai ya miƙo musu abin da ba a rawa da shi, kuma ba lallai a huta da shi ba.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin laifinsa a wajen wasu. Wanda ya kafa tubalin kiɗan yanayi, wato kiɗan da aikinsa shi ne ya cika wuri ba ya ja hankali ba, shi ne makaɗin Ingila Brian Eno. A 1975 mota ta buge shi, yana kwance yana jinya wata ƙawarsa ta kawo masa faifan kiɗan molon Turawa mai tsirkiya da yawa. Sautin ya yi ƙasa ƙwarai, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara, sai ya ji kiɗan ya gauraya da ƙarar ruwan sama da ke zuba a waje. Daga nan tunanin ya fara. A 1978 ya yi Music for Airports, bayan zaman jira da ya yi a filin jirgin saman Cologne a Jamus, ya kuma rubuta a jikin faifan cewa irin wannan kiɗa dole ya zama wanda za a iya yin biris da shi kamar yadda za a iya tsayawa a saurare shi, kuma manufarsa ita ce ya kawo natsuwa da sararin tunani. Kamar turaren wuta ne a ɗaki: ba ka zama ka zuba masa ido, amma da ka shigo ka san an sa. Alƙawarin da Eno ya ɗauka ke nan, kuma shekara goma sha shida masu saurare suna riƙe da shi.

James ya karya alƙawarin. Akwai kiɗe-kiɗe a kundin da suka kai duk wani abu da Eno ya yi taushi. Na ukun, wanda masoya ke kira "Rhubarb", 'yan sautuka ne kaɗan masu ɗumi suna zagayawa a hankali na kusan minti takwas, kowane zagaye ana ɗora masa wani siririn sauti a sama, har mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi bai san dalili ba. Amma na biyun da ke gabansa ƙararrawa ce ta ƙarfe da aka karkatar da sautinta da gangan, ta faɗa tsakanin madannan piyano inda kunne bai saba ji ba, tana ta nanata abu ɗaya. Akwai wanda ake jiyo muryoyi da dariya daga nesa, ba a gane abin da ake cewa. Akwai wanda ƙugi ne kawai mai kauri, yana kumbura yana sacewa. Duk wanda ya sa wannan kundi don ya yi barci, zai farka cikin dare yana neman inda zai kashe shi. Shi kansa James ya kwatanta sautin da tsayuwa a cikin tashar wutar lantarki mutum yana cikin maye, yana jin ƙugin injuna a jikinsa.

To, me masu sharhi suka ce? Ba duka suka ƙi shi ba, wannan shi ne abu na farko da labarin da aka saba bayarwa ke tsallakewa. Simon Reynolds, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi sanin kiɗan casun Birtaniya, ya yaba, yana ganin James ya hura wa kiɗan inji ruhi. Frank Owen ya yi maganar kyau mai ban tsoro da kufai irin na mugun mafarki. J.D. Considine ya ce ko yaushe akwai wani kari na rawa da ke gudana a ƙasa. Sai Robert Christgau na jaridar Village Voice a New York, dattijon masu sharhin kiɗan Amurka, ya jero maganganun mutanen nan uku a sharhinsa ya tambaya, wai me suke faɗa ne? Ya ba kundin maki B da ragi, ya ce bai kai kaurin aikin Eno mai kyau ba, ya fi kashi na farko sirantaka kuma ya fi shi tsayawa wuri ɗaya.

An daɗe ana kawo wannan sharhi na Christgau a matsayin misalin dattijon da zamani ya wuce. Ni kuwa ina ganin tambayarsa tana kan hanya, ko da hukuncinsa bai yi daidai ba. A duba abin da masu yabon suka faɗa: ruhi, mafarki, kufai. Babu ɗaya da ya gaya wa mai karatu abin da ke faruwa a cikin sautin. Shi kuwa Considine ya ji rawar da a gaskiya babu ita a mafi yawan kundin, domin rawa ce ma'aunin da ya iya, sai ya laluɓo ta ko ta halin ƙaƙa. Mai sharhin waƙar zamani da abu uku yake kama aiki: kalmomin mawaƙi, bugun ganga, da kuma sunan waƙa da fuskar mai ita. James ya cire ukun a lokaci ɗaya. Mai sharhi ya miƙa hannu bai sami abin riƙewa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin waƙar Hausa. Mu ma idan an kawo waƙa, tambayar farko ita ce, me ya ce? A jami'o'inmu ana koyar da jigo da warwararsa, da salo, da zubi da tsari, kuma kusan duk a kan kalmomi suke. Ko kiɗan da babu murya a cikinsa, kalangu ne ko algaita ko kakaki, muna sauraren sa ne da kunnen mai jiran magana, domin take yake yi, yana kiran wani da kirarinsa. A ba ɗalibin da ya ƙware a wannan fanni minti goma na sautin da ba ya kiran kowa ba ya cewa komai, a ce ya rubuta shafi biyu, zai sha irin wuyar da Christgau da abokan gardamarsa suka sha.

Da sautin ya gagara, sai aka koma kan mutumin. James kuwa ya ba 'yan jarida abin rubutawa har ya yi yawa. Ya gaya wa marubuci David Toop cewa ya koya wa kansa yin mafarki yana sane, yakan yi barci a ɗakin aikinsa ya ji kiɗa a mafarki, ya farka ya yi ƙoƙarin maido shi da na'urorinsa. Ya ce yana ganin launi idan ya ji sauti. An yi ta yaɗa labarin motar sulke da ya saya da na'urorin da yake ƙerawa da hannunsa tun yana yaro. Wasu labaran gaskiya ne, wasu kuma ya san yana wasa da 'yan jarida ne, an san shi da haka. Abin da ya dame ni shi ne, sama da shekara talatin ke nan da wuya ka karanta sharhin wannan kundi da bai fara da mafarkin nan ba. Labarin ya zama ƙofar da kowa ke bi, har mai saurare ya ji mafarki a kiɗan tun kafin ya kunna shi.

Masu saye ba su jira hukuncin kowa ba. Kundin ya kai na 11 a jerin waɗanda aka fi saya a Birtaniya, abin mamaki ga faifai biyu da babu waƙa ɗaya da rediyo za ta iya sakawa. Kuma su masoyan ne suka yi abin da ya fi komai sauya makomarsa. A farkon zamanin intanet suka dubi hotunan kwalin suka raɗa wa kowane kiɗa suna daga abin da suka gani: "Cliffs", "Radiator", "Rhubarb", "Lichen", "Stone in Focus". Sunayen suka shiga rumbunan bayanai da kwamfuta ke ɗauko sunan waƙa daga ciki idan an saka CD, suka zauna daram, har yau da su ake magana. Da wannan ne hira ta yiwu, domin ba a gardama a kan abin da ba shi da suna. Sai dai an yi asara ma. Wanda aka gaya masa sunan kiɗa dutse ne, dutse zai gani. James ya bar wurin a buɗe da gangan, masoyansa suka cike shi saboda ƙauna.

"Stone in Focus" na da nasa labarin. Ba a sa shi a CD na 1994 ba saboda wuri bai isa ba, sai a faifan garmaho da kaset, waɗanda ke da kiɗa 25. Kusan minti goma ne na sautuka uku masu tafiya a hankali, da wani ƙas-ƙas kamar na agogo a bayansu. Shekaru da yawa ya zama abin da sai mai nema ke samu, daga baya YouTube ya kai shi kunnen miliyoyin mutanen da ba a haife su ba a 1994.

Daga nan ra'ayi ya juya gaba ɗaya. A 2014 Marc Weidenbaum ya rubuta littafi sukutum a kan kundin. A 2016 mujallar Pitchfork ta jera kundayen kiɗan yanayi 50 da ta ce sun fi kowanne, ta sa Music for Airports na ɗaya, wannan na biyu. A 2019 mujallar ta sake duba shi, Philip Sherburne ya rubuta, aka ba shi 10 cikin 10. A Oktoban 2024 Warp ta sake fitar da shi da ƙarin kiɗe-kiɗe, "Stone in Focus" a ciki.

Me ya sauya? Ko sauti ɗaya ba a taɓa ba a kundin. Waɗanda suka saurare shi a ɗakunan kwanansu suna 'yan shekara goma sha bakwai su ne suka girma suka zama editoci, mutum kuwa ba ya yi wa abin da ya raine shi hukunci da sanyin zuciya. Sannan an sami magada. Boards of Canada sun fito a Warp a 1998, ƙungiyar Radiohead ta yi kundin Kid A a 2000 bayan mawaƙinta Thom Yorke ya dulmuya cikin faya-fayan Warp, William Basinski ya fitar da kiɗansa na tsofaffin zaren kaset masu ruɓewa daga 2002, Burial ya fitar da kundinsa Untrue a 2007. Kowannensu ya ƙara horar da kunnen jama'a, har abin da ya zama baƙo a 1994 ya koma kamar kakan gida. Amma a ganina babban dalili shi ne yadda ake sauraro. A 1994 mutum zai saka faifai ya zauna gaban lasifika yana jiran wani abu ya faru, in bai faru ba ya ji an cuce shi. Yau mutum yana zaune shi kaɗai gaban kwamfuta da abin ji a kunne, awa huɗu ko biyar, yana son sautin da zai raka shi ba tare da ya yi masa magana ba. Rayuwa ce ta matso inda kundin yake.

A nan ne kuma nake jin tsoron yabon. Manhajojin sauraren kiɗa suna jera waƙoƙi bisa yanayin zuciya: na barci, na karatu, na kwantar da hankali. Sukan tsamo "Rhubarb" da 'yan uwansa masu taushi su zuba cikin irin wannan jeri, su bar masu ban tsoron. 'Yar jarida Liz Pelly, a littafinta na 2025 a kan Spotify, ta bayyana yadda ake cika irin waɗannan jeri da kiɗan da aka yi odarsa da araha daga makaɗan da ake ɓoye sunansu, tunda mai barci ba ya tambayar wa ya kaɗa. Idan aka sa aikin James a wannan layi, an mayar da shi ga alƙawarin Eno da ya karya. Ƙarfin kundin yana cikin jerinsa ne. Taushin na uku yana ratsa mutum saboda ya biyo bayan ƙarfen na biyu, kuma saboda ka san abin da ke tafe ba zai bar ka ka miƙe ƙafa ba. Wanda ya ji masu daɗin kaɗai bai ji kundin ba, ko da ya ji su sau dubu.

Maki 10 cikin 10 ma bai gamsar da ni ba, duk da ina ƙaunar wannan aiki ƙwarai. Akwai kiɗa biyu ko uku a faifai na biyu da suka wuce inda ya kamata su tsaya, tunani ɗaya siriri aka ja shi har ya gaji. A kansu Christgau ya yi gaskiya. Faɗin haka ba ya rage wa kundin daraja, yana nuna an saurare shi ne. Cikakken maki yakan rufe bakin mai sauraro sabo, ya sa in ya ji gundura a wani wuri ya ɗauka laifin kunnensa ne.

Akwai wani misali kusa da gida da ke nuna cewa matsalar ba ta James kaɗai ba ce. A 1978, shekarar da Eno ya yi kiɗansa na filin jirgi, Mamman Sani Abdoulaye ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai da ogan ɗinsa mai aiki da lantarki, wato abin kiɗa mai madannai irin na piyano, ya ɗauki kundin da aka sani da La Musique Électronique du Niger. Kaset kaɗan ƙwarai aka buga. Amma kiɗansa ya shiga gidajen Nijar ta wata hanya: rediyo da talabijin sun yi shekaru suna saka shi tsakanin shiri da shiri. Abin da Eno ya zauna ya tsara a rubuce, kiɗan da ke cika wuri ba tare da ya nemi a dube shi ba, Mamman Sani ya yi shi a aikace ga ƙasa guda. Mutane da yawa sun san sautin ba su san mai shi ba.

A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, ya sake fitar da kundin bayan ya ci karo da kaset ɗin a wani ɗakin adana kayan kiɗa a Yamai. Aka yaba a Turai da Amurka, Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa, aka kuma fitar da wasu ayyukansa, ciki har da Taaritt. Na yi murna da wannan, ya cancanta. Sai dai abin da ya faru da James ya sake faruwa. Labarin kaset da aka tsinta cikin ƙura ya zama ƙofar shiga, aka haɗa da hoton hamada da raƙuma, aka auna shi da sunayen makaɗan na'ura na Turai. Alhali da yawa daga kiɗe-kiɗen nan tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne na al'ummomin Nijar ya ɗora a kan ogan, ya rage musu gudu, ya bar hannun hagu yana maimaita ƙasa yayin da na dama ke yawo a sama. Mai sharhi a Landan ba zai iya gane wace waƙa ce ke kwance a ƙarƙashin kowane kiɗa ba, ko inda Mamman Sani ya bi ta da inda ya kauce mata, ko me ogan ya yi wa karin da aka saba ji a bakin makiyayi ko a tsirkiyar goge. Wanda ya tashi a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram yana jin sautin nan kafin labaran dare shi ke da wannan sani, kuma sharhinsa nake son in karanta, da Hausa ko da Zabarmanci, kiɗa bayan kiɗa, tare da sunan waƙar da aka ɗauko kowanne daga cikinta.